Ranar da Koci Agusta Ya Shiga Fili

A farkon shekarar 1977 wani kamfanin haƙar kuza a Jos ya kawo wa ƙungiyarsa ta ƙwallo sabon koci. Sunan ƙungiyar Taurarin Kuza, amma gaskiyar magana babu tauraro ko ɗaya a cikinta. Makanikai ne da direbobi da masu wankin kuza, waɗanda in an tashi aiki sukan haɗu a wani fili kusa da Naraguta su yi ta fafatawa har rana ta yi sanyi. Kyaftin ɗinsu shi ne Shu'aibu, ɗan baya, dogo kakkaura, mai aikin walda a garejin kamfani. Kakansa ne ya zo Jos tun zamanin da ake haƙa da diga da kwano. A nan aka haifi ubansa, a nan aka haife shi.

Sabon kocin Bature ne daga Beljiyam, sunansa August Dewulf, amma kafin mako ya zagayo bakin mutanen Jos ya mai da shi Agusta. Ya ba hamsin baya, kansa duk furfura. Hancinsa ya taɓa karyewa ya ɗoru a karkace, girarsa da goshinsa kuwa tabo a kan tabo.

Ranar farko ya jera su yana ba kowa hannu. Da ya zo kan Shu'aibu sai ya tsaya, ya ƙwanƙwasa masa goshi da bayan yatsa kamar mai gwada kankana.

"Kai ne lamba biyar?"

"Ni ne, Oga."

"Ni ma lamba biyar ne," in ji shi, ya nuna tabon goshinsa. "Ga shaidata."

Turancinsa a karye yake, nasu ma haka, saboda haka suka fahimci juna da wuri. Daga baya ya tsinci Hausa kaɗan, wadda ba ta wuce ta fili ba: maza, koma baya, haba, madalla.

Gidan da kamfani ya ba shi a Daɗin Kowa yake, kuma in an tashi atisaye yakan rage wa Shu'aibu hanya a tsohuwar Fijonsa. A cikin wannan motar Shu'aibu ya ji tarihinsa, yau guntu gobe guntu. Ubansa mahaƙin kwal ne, shi ma tun yana yaro aka saukar da shi rami, ƙwallo ce ta fito da shi. Bayan yaƙin duniya wani kulob na rukunin farko ya ɗauke shi, ya yi fiye da shekara goma sha biyar yana tsare musu baya. Ba shi da gudu, bai iya yanka ba, amma duk ƙwallon da ta tashi sama tasa ce. A can, in ji shi, ana wasa cikin ruwa da laka, ƙwallon fata ta sha ruwa ta koma kamar dutse. Wata rana yakan fito daga fili yana tambayar waye ya ci, alhali da shi aka yi wasan. Yana ba da labarin yana dariya, Shu'aibu ma yana taya shi.

An taɓa kiransa ƙungiyar ƙasa, ya zauna a benci har aka tashi, ba a sake kiransa ba. Sun taɓa kaiwa wasan ƙarshe na kofi aka ci su. Da ƙafa ta gaji ya koma koyarwa, daga wannan ƙaramin kulob zuwa wancan, har ya tsallaka Kwango ya riƙe ƙungiyar wani garin mahaƙa. A can matarsa ta rasu. 'Yarsu guda ɗaya, Hilda, ta koma gida wurin dangin uwarta, shi kuwa ya kasa komawa. Da aka yi masa maganar Jos, ya ji an ce garin mahaƙa ne kuma akwai sanyi, sai ya ce a ba shi.

Shekarar farko ta yi daɗi. Agusta ya koya musu tsayuwa a layi, kowa ya san inda ɗan uwansa yake ba sai ya waiwaya ba. Ya koya wa Gyang, golansu, ya riƙa buɗe baki yana ba 'yan baya umarni maimakon ya tsaya shiru kamar gunki. Ƙungiyar da a da ake zuba mata huɗu, biyar, sai ta zama in ka ci ta ɗaya ka yi abin faɗa. Mutane suka fara biyo su daga Kabong da Gangare don kallon atisaye kawai. Ran Lahadi kuma Agusta yakan zo gidan Shu'aibu, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya lanƙwashe dogayen ƙafafunsa a kan tabarma da ƙyar. Kubra, matar Shu'aibu, takan yi masa gwaten acca da ganye, ya sha kwano biyu yana zufa yana cewa madalla. Baba take kiransa.

Bayan an shiga 1978 ne Shu'aibu ya fara lura da wasu abubuwa. Wata rana Agusta ya daka wa Gyang tsawa amma da wani suna, Staf. Aka yi dariya aka wuce. Washegari ya sake. Wata rana ya sa su gudun zagaye fili, suka gama suna haki, ya dube su ya ce me suke jira, su fara gudun. Ran nan kuma a kan hanyar gida ya tsaya a wata mararraba da yake bi kullum, ya kashe mota, ya riƙe sitiyari yana kallon dama da hagu.

"Hagu, Koci," in ji Shu'aibu a hankali.

"Na sani," in ji shi. Ya tada mota ya bi hagu.

Sannu a hankali Turancin ya fara zame masa. In wasa ya yi zafi sai ya koma yarensu na can gida, wanda babu mai ji a Jos kaf sai wani tsohon Fada a mishan. Yakan kira Shu'aibu bakin layi ya yi masa doguwar magana yana zane a tafin hannu. Shu'aibu ya gyaɗa kai, ya koma fili ya ce, "Koci ya ce Fabian ya matso ciki, Bot ya daina hawa." Ba Koci ne ya faɗa ba. Shi ne ya duba wasan ya faɗi abin da yake jin Agustan bara zai faɗa. Kuma sau da yawa abin yana ci, har aka riƙa yabon Bature a gari, ana cewa kansa yana ja.

Kubra ce ta fara yi wa Shu'aibu magana, ranar da Agusta ya gama cin abinci, ya wanke hannu, sannan ya tambaye ta cikin ladabi ko an kusa saukewa.

"Baban Zinariya, Baba ba shi da lafiya," ta ce bayan ya tafi.

"Gajiya ce."

"Ba gajiya ba ce, ka fi ni sani. Kana rufa masa asiri, Allah ya ba ka lada, amma ba magani kake yi masa ba."

"In na faɗa za su sallame shi. Ina zai je? Ƙwallon nan ita kaɗai ta rage masa."

"To, in ba ka faɗa ba?"

Ya ce a ransa bari dai a gama gasar kofin jiha, tunda sun kai inda ba su taɓa kaiwa ba.

Wasan kusa da na ƙarshe ya faɗo tsakiyar damina, a babban filin wasa na gari, da wata ƙungiya daga Bukuru. Tun azahar ake ruwa, har da ƙanƙara, amma fili ya cika maƙil. Ciyawa ta zama laka, ƙwallo ta yi nauyi, ba ta ko tashi daga ƙasa in ta faɗi. Shu'aibu ya lura da yadda Agusta yake tun a ɗakin sa kaya: idonsa yana ƙyalli, yana ta murza cinyoyinsa, yana leƙa waje yana murmushi. An daɗe bai gan shi cikin farin ciki haka ba, sai ya ɗauka alheri ne.

Bukuru suka fara ci. Bayan hutun rabin lokaci Fabian ya farke, fili ya ɗauki ihu. Wasa ya zo gab da tashi ana ɗaya da ɗaya, sai Bukuru suka samu kwana. Shu'aibu yana tsakiyar 'yan bayansa yana nuna wa kowa wanda zai tsare, sai ya ji ihun 'yan kallo ya canza. Ba ihun wasa ba ne, dariya ce, ta taso daga gefe guda ta zagaye fili.

Ya waiwaya. Agusta ne yake tahowa cikin fili da sassarfa. Ya yar da kwat ɗinsa a bakin layi, ya cusa ƙafar wando cikin safa, ruwa yana bin furfurarsa. Bai kalli kowa ba. Ya zo gaban raga ya tsaya a bayan ɗan gaban Bukuru, ya ɗora masa hannu a kafaɗa, ya ɗan rusuna, idonsa a kan mai bugun kwana. Tsayuwa ce ta gwani, Shu'aibu bai taɓa ganin wadda ta fi ta kyau ba.

Rafali ya busa usur. Wani ɗan sanda ya taso daga bakin fili yana gyara kulki. Shu'aibu ya ɗaga masa hannu ya roƙe shi ya tsaya, ya je ya kama damtsen Agusta.

"Zo mu je."

Agusta ya fizge, ya yi masa magana da yarensu, da zafi, yana nuna masa wani ɗan Bukuru da ba a tsare ba. Shu'aibu ya sake kama shi. Sai Agusta ya dube shi, Turanci ya dawo masa.

"Me ya faru? Ban gaji ba. Ƙafata lafiya lau. Wa ya ce in fita?"

Dariyar 'yan kallo ta fara mutuwa. Gyang ya juya baya ya kifa fuskarsa a jikin ƙarfen raga. Bakin Shu'aibu ya buɗe da kansa.

"Koci ne ya ce ka huta."

Kafaɗun Agusta suka sauka. Ya gyaɗa kai kamar yaron da aka tsawatar, ya juya ya nufi benci, Shu'aibu yana riƙe da hannunsa. A hanya Agusta ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka kula da dogon nan. Yana tsalle da wuri."

Shu'aibu ya zaunar da shi, ya ɗauko kwat ɗin daga laka ya yafa masa, ya koma wurinsa. Aka bugo kwana. Ya yi tsalle, amma bai ga ƙwallon ba, idonsa ya cika. Dogon ya sa mata kai ta faɗa raga. Haka aka tashi, biyu da ɗaya, kuma babu wanda ya yi wa kyaftin maganar wannan ƙwallo, a ranar ko bayanta.

Mista Dantong, shugaban kwamitin ƙungiya, ba mugun mutum ba ne. Shi da kansa ya kai Agusta asibitin mishan. Likita ya yi gwaje-gwajensa, ya ce ciwon mantuwa ne, ya zo masa da wuri, ba shi da magani, kuma gaba zai yi ta yi. Dantong ya kira Shu'aibu ofis.

"Kyaftin, tun yaushe ka sani?"

"An ɗan jima, Ciyaman."

Dantong ya cire tabarau ya murza ido. "Ba zan yi maka faɗa ba. Amma ba zai ci gaba ba, ka san haka. Kai za ka riƙe yaran kafin mu ga abin da Allah zai yi. Kuma kai za ka gaya masa. Daga bakina ba zai ji da daɗi ba."

Shu'aibu ya sami Agusta da hantsi a barandar gidansa, yana shan kofi, ya yi aski, ya sa riga mai tsabta. Ranar kansa a washe yake. Shu'aibu ya yi ta kewaye-kewaye, har Agusta ya ɗaga masa hannu.

"Sun sallame ni."

"Sun ce ka huta, Koci."

"Na yi wani abu a fili, ko? Kukun gidan nan ya ƙi gaya mini, amma na ga yadda yake kallona."

Shu'aibu ya gaya masa, bai ɓoye komai ba. Agusta ya saurara har ƙarshe yana jujjuya kofin a hannunsa.

"Sun yi dariya?"

"Da farko. Daga baya sun daina."

Ya daɗe yana kallon duwatsun da ke bayan unguwa. "Tun a Kwango nake jin abin yana zuwa," ya ce. "Kamar gida ne ana kashe fitilunsa ɗaki bayan ɗaki. Sunan matata, jiya sai da na yi ta nema." Ya ajiye kofin. "Ba laifi. Ka riƙe su da kyau. Bot yana da tsoro, kada ka yi masa tsawa a gaban mutane."

Suka yi musafaha. Shu'aibu ya tafi yana jin ya sauke kaya, ko da yake mai ɗaci ne.

Washegari da la'asar suna cikin atisaye sai ga Fijo ta tsaya a inda ta saba. Agusta ya fito da usur a wuya, yana tafa hannu yana cewa maza, maza. Babu abin da ya rage a kansa na maganar jiya. 'Yan wasa suka tsaya suna kallon kyaftin. Shu'aibu ya san ba zai iya sake faɗa masa ba, ballantana ya riƙa faɗa masa kullum, kullum mutumin ya ji ta sabuwa. Ya ce, "Kun ji Koci. Maza." Daga ranar haka aka riƙa yi. Agusta ya zo ya busa usur ɗinsa, ya kira su da sunayen mutanen da wasunsu sun daɗe a ƙasa, su amsa. Dantong ya sani, ya kawar da kai. Abin da ya yi kawai shi ne ya karɓe makullin mota ya sa direban kamfani ya riƙa kawo shi.

Bayan damina ta ɗauke, wata rana ana tsakiyar atisaye aka duba benci babu Agusta. Aka bazu nema, wasu suka bi hanyar jami'a, wasu suka shiga gonaki. Shu'aibu ya nufi tsoffin ramukan kuza, don ya san zurfin ruwan da ke cikinsu. Can ya hango shanu suna gangarowa, a gabansu wani dattijon Bafillace, Hammawa, wanda yake kawo wa unguwarsu nono. Yana riƙe da sandarsa ta gefe guda, Agusta yana riƙe da ɗaya gefen, ba takalmi a ƙafarsa.

"Malam, naku ne?" in ji Hammawa. "A bakin ruwa na same shi, ya shiga har gwiwa. Na yi masa magana bai ji ba, ya yi mini ban ji ba. Na miƙa masa sanda ya kama."

Ranar Shu'aibu bai mai da shi Daɗin Kowa ba. Kubra ta share ɗakin zaure ta shimfiɗa katifa. Ita ta wanke masa ƙafafun da ƙaya ta sossoke, yana kallonta yana cewa madalla. Tsohon Fadan mishan ya ɗauki nauyin nemo 'yarsa, aka buga mata waya.

Sai da aka shiga sabuwar shekara Hilda ta iso. Malamar asibiti ce, doguwa kamar ubanta, ba ta da yawan magana. Ta shigo zauren ta durƙusa a gabansa ta kira shi da yarensu. Ya dube ta da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙo, ya juya ya tambayi Shu'aibu ko 'yar jarida ce. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta fita tsakar gida, Kubra ta bi ta, suka zauna a bakin murhu. Babu mai jin yaren wata, Kubra ta riƙe mata hannu har ta gama.

Daga baya Hilda ta gaya wa Shu'aibu cewa a garinsu har yanzu tsofaffi suna maganar ubanta, amma ita ba ta taɓa ganin wasansa da wayonta ba. Ta tambaye shi ko da gaske gwani ne. Shu'aibu ya ce sau ɗaya ya taɓa ganinsa a fili, kuma bai taɓa ganin kamarsa ba. Bai gaya mata wace rana ba ce.

Ya raka su har filin jirgi na Kano. Agusta ya ɗauka wasan waje za a je, duk hanya yana tambaya ina sauran yara, ko motarsu tana baya. A bakin ƙofar shiga, inda ba a barin 'yan rakiya, ya ga Shu'aibu ya tsaya.

"Kai fa?"

"Ku yi gaba, Koci. Ina tafe."

"Kada ka makara," in ji shi. Hilda ta kama hannunsa suka shige. Bai waiwayo ba, don bai san rabuwa ce ba.

Kafin shekarar ta ƙare harkar kuza ta ƙara lalacewa, kamfani ya rage ma'aikata, ya rufe ƙungiya. Gyang ya samu kulob a Kaduna, Fabian ya shiga soja, Bot ya koma ƙauyensu noman dankali. Shu'aibu ya buɗe ɗan shagon walda a bakin hanyar Bauci. A nan Fada ya same shi wata safiya, ya sauko daga babur ya cire hula, ya ce Agusta ya rasu a wani gidan jinya kusa da garinsu, Hilda tana wurin.

Aka sa ranar yi masa addu'a a cocin mishan. Shu'aibu bai taɓa shiga coci ba, amma ya sa babbar rigarsa ya tafi, ya zauna a kujerar baya tare da Dantong da 'yan wasan da suka rage a gari. Mutanen ba su da yawa. Da aka gama, Fada ya ce ko kyaftin zai ce wani abu. Shu'aibu ya miƙe, ya dafa kujerar gabansa. Tun daga gida ya shirya magana mai tsawo, amma da ya buɗe baki sai ya ce, "Mutumin kirki ne. Ya zauna da mu lafiya." Ya tsaya ko sauran za ta zo, ba ta zo ba. Dantong ya jawo gefen rigarsa a hankali, sai Shu'aibu ya zauna.

Da aka fito suka ɗan tsaya a bakin coci suna gaisawa, kowa yana tambayar ɗan uwansa iyali da aiki. Sannan Shu'aibu ya tare tasi ya koma shago, don akwai mai ƙofa da ya ce zai zo ɗauka kafin la'asar.